Yarinyar da ke cin biskit a likita, ta ƙi shi a gida

Sati uku ke nan sikeli bai motsa ba. Yarinya ce ƴar shekara biyu da ƴan watanni daga wani ƙauye na karkarar Sae Sabuwa, a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi. Ranar da aka kawo ta likita, ma'aunin damtse ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani. Aka sa ta cikin shirin jinyar gida, ana ba uwar Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit. Kowane ƙunshi giram 92 ne, da kalori 500. Maraɗi ta san wannan abinci tun yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a wannan jiha. An san yana aiki. To, me ya hana shi aiki a jikin wannan yarinya?

Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya fara da neman ciwo, kuma daidai ya yi, domin yaron da ya daina cin abinci sau da yawa wata cuta ce ke ƙarƙashi, sai an kwantar da shi asibiti. Aka yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, aka duba baki ko akwai gyambo, aka saurari ƙirji. Babu komai. Aka miƙa mata biskit a gwajin ci, ta riƙe da hannunta, ta tsotse fiye da rabi, ta sha ruwa.

Daga nan zargi ya koma kan uwa. Kowa ya san ana ganin biskit a kasuwa, kuma a gidan da hatsi ya ƙare a rumbu, da wuya uwa ta hana sauran yara. Amma da wata ma'aikaciya ta je gidan, sai ta tarar da ƙunsoshin cikin kwalla, wasu ba a buɗe ba, wasu an ɗan taɓa.

"Malama, wallahi ba ta ci. Da ta gan shi sai ihu," in ji uwar.

Kakar kuwa ta riga ta yanke hukunci cewa iska ce ta shafe ta.

Akwai ilimin da aka gina domin irin wannan tambaya, ilimin nazarin ɗabi'a a aikace. Tushensa aikin B. F. Skinner ne a Amurka: abin da ya biyo bayan ɗabi'a shi ke sa ta ƙaru ko ta ragu. Mai aiki da shi ba ya rubuta "taurin kai", domin ba a ganin taurin kai da ido, ba a kuma ƙirga shi. Abu uku yake rubutawa: me ya faru kafin, me yaron ya yi, me ya biyo baya.

Ma'aikaciyar ta zauna gefe da takarda, ta ce a yi yadda aka saba. Yarinya tana wasa da ƙasa, uwa ta ɗauko ta, ta matse ta tsakanin cinyoyi, ta kwantar da kanta baya, ta fara ɗura, yadda ake ɗura kunu. Babu ruwa kusa, ga biskit da kauri da maiƙo. Yarinya ta sandare, ta tofar, ta fasa ihu. Kaka ta taso: "Ƙyale ta haka nan!" Ta goya ta, ta ba ta guntun ƙuli-ƙuli. Biskit ya koma kwalla.

Kukan yana biyan buƙata, amma wacce? Abu biyu ne suka biyo shi: ɗura ta tsaya, goyo ya samu. A nan ne ma'aikata da yawa ke gaggawa, su ce kaka ce ta sangarta ta. A ganina wannan gaggawar ita ke ɓata magani, domin kuka iri ɗaya yana iya zama neman kulawa ga wani yaro, ga wani kuma neman tsira. A 1982 Brian Iwata da abokan aikinsa a Baltimore sun nuna yadda ake rarrabewa, a kan yara masu ji wa kansu rauni: a canja yanayi ɗaya, a bar sauran, a ga inda ɗabi'ar ta tashi.

Haka aka yi. Da safe kaka ta goya ta tun kafin abinci, ta yi mata wasa har ta ƙoshi da kulawa. Da aka matse ta, ihun ya dawo yadda yake. Da rana kaka ta fita, aka zaunar da yarinya kan tabarma, aka ba ta ƙunshin a hannu, ga moɗar ruwa. Ta ci. Ashe matsewar take gudu, kuma kowace rana kukan yana kuɓutar da ita, shi ya sa yake ƙara ƙarfi.

Ɗura dai an bar ta, ga haɗarin shaƙewa da ke cikinta. Aka koya wa yarinya ɗaga tafi idan tana son hutu, a dakata mata kaɗan sannan a ci gaba. Wannan dabara ce da Edward Carr da Mark Durand suka gwada a 1985: a ba yaro hanya mai sauƙi ta samun abin da kuka ke samo masa. Goyon kaka ya koma bayan ci, ƙuli-ƙuli aka janye shi.

Ma'aikaciyar ta ja kunnensu: "Inna, kwanakin farko za ta iya ƙara kukan, tana gwada ko tsohuwar hanya na nan. Kada ku matse ta, kada kuma ku ɗauke biskit ɗin. Idan jikinta ya yi zafi, ko ta fara zawo, ko ta ƙi ci sam, ku kawo ta nan take."

Kukan ya ƙaru, sannan ya lafa. Ranar awo ta gaba sikeli ya ɗaga. Majo ya sa a riƙa tambayar kowace uwa tun ranar farko: wa ke ba yaron abinci a gida, kuma yaya ake riƙe shi?