YOHANNA, JOHN DA HANNATU: 'YAN GIDA ƊAYA NE

A cikin ikilisiyoyinmu akwai iyayen da suke ganin Yohanna sunan tsofaffi ne, na mutanen ƙauye. In Allah ya ba su ɗa sai su ce a sa masa John, wai ya fi dacewa da yaron da zai yi boko. Har akan sami gida ɗaya, wa Yohanna, ƙane John, mahaifinsu kuwa bai sani ba suna ɗaya ya raɗa wa su biyun.

Asalin sunan daga Ibrananci ne, Yohanan. Kalma biyu ce aka haɗa. "Yo" gajeren sunan Allah ne, wanda Littafi Mai Tsarki na Hausa yake rubutawa Ubangiji. "Hanan" kuwa yin alheri ne ko jin ƙai. Ma'anarsa ke nan, Ubangiji ya yi alheri. In kun duba Luka sura 1 za ku ga gardamar da aka yi a kan sunan nan. Ran kwana takwas dangi da maƙwabta suka taru, suna so yaron ya ci sunan ubansa Zakariya, gama ba mai suna Yohanna a zuriyarsu. Alisabatu ta ƙi. Zakariya, wanda bakinsa yake a rufe, ya karɓi allo ya rubuta sunan da mala'ika ya faɗa. Tsoho da tsohuwa da suka riga sun fid da zuciya ga haihuwa, wane suna ne zai fi musu wannan?

Daga nan sunan ya kama hanya, kowace al'umma tana lanƙwasa shi daidai bakinta. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari. Helenawa ba su da harafin "h" a tsakiyar kalma, sukan kuma ƙare sunan namiji da "s", sai ya zama Ioannes. Romawa suka karɓa da Latin. Jamusawa suka ce Johannes, suka yanke shi ya koma Hans. Mutanen Rasha suka ce Ivan, na Italiya Giovanni, na Sifen Juan. Jean da 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suke sa wa 'ya'yansu, shi ne dai a bakin Faransawa. A Habasha ana cewa Yohannes, har sun yi sarki mai wannan suna daga 1872 zuwa 1889. Su Turawan Ingila ma, a Littafi Mai Tsarki da suka buga a 1611, Iohn suka rubuta, don a lokacin ba su gama raba harafin J da I ba. Ni a ganina wanda ya ce Yohanna ya fi wanda ya ce John kusa da yadda Alisabatu ta kira ɗanta.

Yohanna irin faɗar Kirista Larabawa ce, su da suke cewa Yuhanna. Shi ne yake cikin fassarar Hausa ta 1932. Fassarar 1979 kuwa ta rubuta Yahaya, sunan da maƙwabtanmu Musulmi suka san ɗan Zakariya da shi. Mutumin ɗaya ne, sai dai malaman Larabci sukan danganta Yahaya da kalmar rai ko rayuwa, ba da alheri ba.

Mata ba a bar su a baya ba. Hannatu, mahaifiyar Sama'ila, sunanta daga wannan "hanan" ɗin ya fito, wato alheri ko tagomashi. Hanna ne da Ibrananci. Wutsiyar "tu" ɗin ta hanyar Larabci ta zo mana, irin ta Saratu da Rifkatu da A'ishatu. Da Helenawa suka zubar da "h" sai ya zama Anna, daga nan aka sami Ann, Anita da Nancy. Yuwana matar Kuza, wadda aka ambata a Luka 8:3, sunanta Yohanna ne na mace, shi ne kuma tushen Joanna, Jane da Janet.

In aka juya kalmomin biyu, aka sa "hanan" gaba, sunan Allah baya, sai a sami Hananiya. Ɗaya daga cikin abokan Daniyel sunansa ke nan. Da aka kai su Babila, abu na fari da shugaban fādawa ya yi shi ne ya sake musu suna, Hananiya ya koma Shadrak. Mutanen Babila sun san suna ba abin banza ba ne: muddin ana kiran yaron Hananiya, ana ambaton Allahn kakanninsa ke nan a fadar Nebukadnezzar. A Ayyukan Manzanni kuma akwai Hananiya mijin Safiratu, wanda ya yi ƙarya a kan kuɗin gona, ga kuma Hananiya na Dimashƙu wanda ya ɗora wa Shawulu hannu idonsa ya buɗe. Suna ɗaya, hali dabam.

Wani abin mamaki, har masu bautar gumaka sun ɗebi ruwa a rijiyar nan. Hannibal, jarumin Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya haye duwatsun Alps da giwaye a shekara ta 218 kafin haihuwar Almasihu don ya yaƙi Roma, harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne. Sunansa yana nufin alherin Ba'al.

To, masu son sa wa 'yarsu Grace fa? Wannan ba lanƙwasa Hanna aka yi ba, fassara ce, daga kalmar Latin mai nufin alheri. Mu ma muna da tamu fassarar. Yarinyar da aka raɗa wa Alheri, da Hannatu, da Grace, in suna aji ɗaya, malaminsu yana kiran suna ɗaya ne sau uku kowace safiya.