Tsatsar Shasi: Ciwon Da Ke Cin Tsofaffin Jif Daga Ciki

A shekarar 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 a Amurka, saboda shasin motocin Tacoma, Tundra da Sequoia kusan miliyan 1.5 da tsatsa ke ci. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara shi ke hanzarta ɓarnar. Irin waɗannan motoci kuwa suna shigo mana a matsayin tokumbo, fenti na ƙyalli, ƙasa kuma ta ruɓe.

Shasin yawancin motoci masu ja da ƙafa huɗu kamar bututu yake. Laka na shiga ta toshe ƙofofin fitar ruwa, sai tsatsa ta fara daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Don haka kallo kaɗai bai isa ba. Ka shiga ƙarƙashi da ƙaramar guduma: ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi tas, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe yake, har ɓawo na zubowa. Ka fi matsa wa mazaunin sifirin da ƙarfen da ya gitta a baya, nan tsohuwar Land Rover Defender ta fi jin jiki. Idan ka ga sabon baƙin fenti mai kauri a ƙasan tsohuwar mota, ka yi shakka.

Tsatsar sama mai sauƙi ce: a kankare da buroshin waya, a shafa maganin tsatsa, a yi fenti, a fesa kakin kariya a ciki. In ta huda kuwa, dole a yanke wurin a yi waldar ƙarfe mai kauri ɗaya, bayan an cire batir an kuma kare tankin mai. Liƙa faci a kan ruɓa ɓoye ciwo ne kawai, kuma wurin zai buɗe ranar da aka ɗora wa motar kaya.