Yadda Kamfanonin Ƙera Kayan Sadarwar Kwamfuta Suke Haɗiye Junansu

Gabatarwa

A ranar 2 ga watan Yuli na shekarar 2025, kamfanin Hewlett Packard Enterprise na ƙasar Amurka, wanda aka fi sani da HPE, ya kammala sayen wani kamfani mai suna Juniper Networks a kan kuɗi kimanin dala biliyan 14. Mai karatu yana iya cewa, to, ina ruwan biri da gada? Amsar ita ce, duk wanda ya taɓa cirar kuɗi a banki, ko ya duba sakamakon jarrabawarsa ta intanet, saƙonsa ya ratsa ta cikin wasu akwatunan ƙarfe da ke jere a wani ɗaki mai sanyi, kuma kamfanoni 'yan ƙalilan ne suke ƙera waɗannan akwatuna. Wannan maƙala za ta bayyana aikin waɗannan na'urori, da tarihin yadda masu ƙera su suka yi ta haɗiye juna, da kuma abin da hakan yake jawo wa mai saye.

Mene ne Kayan Sadarwa?

Idan kwamfuta za ta aika saƙo, takan yanyanka shi ƙanana-ƙanana, ta sa kowane yanki a cikin ƙunshi mai ɗauke da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Na'urori uku ne suka fi yin ɗawainiyar waɗannan ƙunsoshi. Ta farko ita ce swici, wadda take haɗa kwamfutocin da ke cikin gini ɗaya. Aikinta tamkar na masinjan ofis ne, wanda ya san teburin kowa, yana kai wa kowa takardarsa. Ta biyu ita ce rauta, wadda take haɗa sadarwar wata ma'aikata da ta wata. Ita kuma kamar babban gidan waya take, tana duba adireshi ta zaɓi hanyar da ta fi dacewa wasiƙa ta bi zuwa wani gari. Ta uku ita ce 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a jikin silin, wadda take ba wayoyin hannu da kwamfutoci damar shiga sadarwa ta iska, wato Wi-Fi.

Mafarin Al'amari

A shekarar 1973 wani injiniya mai suna Robert Metcalfe, yana aiki a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a jihar Kalifoniya, ya tsara hanyar haɗa kwamfutoci da waya wadda ake kira Ethernet. A 1979 ya kafa kamfanin 3Com domin sayar da ita. A 1984 kuma wasu ma'aikatan Jami'ar Stanford, miji da mata, Leonard Bosack da Sandy Lerner, suka kafa kamfanin Cisco, wanda ya yi suna wajen ƙera rauta. A farkon shekarun 1990 kasuwar cike take da kamfanoni, irin su SynOptics da Wellfleet da Cabletron da Kalpana, kowanne da fannin da ya ƙware a kai. A yau babu ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗun da ya rage da sunansa, haka ma 3Com ɗin kansa.

Haɗiya Iri Biyu

Ilimin halittu yana da misalin da zai taimaka a nan. Idan wata ƙwayar halitta ta haɗiye wata, galibi narkar da ita take yi, ta zuƙe abin amfaninta, shi ke nan. Amma a 1967 wata masaniya Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta kawo hujjojin da suka nuna cewa mitokondiriya, wato gaɓar da take samar da ƙarfi a cikin ƙwayoyin jikinmu, asalinta bakteriya ce mai zaman kanta, wadda wata ƙwaya ta haɗiye amma ba ta narkar da ita ba. Sai suka zauna tare, kowacce tana amfanar 'yar'uwarta, har ma ga shi mitokondiriya tana riƙe da nata ƙwayoyin gado har yanzu. Sayen kamfani ma haka yake, wani narkarwa ne, wani kuwa zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne.

Misalin na biyun shi ne abin da Cisco ya yi a 1993. Ganin cewa swici ta fara cin kasuwa alhali shi rauta ya iya, maimakon ya ɓata shekaru yana koyo, sai ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Crescendo a kan abin da bai kai dala miliyan 100 ba, ya kuma riƙe injiniyoyinsa. Daga aikinsu ne aka sami jerin swicin da ake kira Catalyst, wanda ya kawo wa Cisco biliyoyin daloli. A 1994 ya ƙara da Kalpana, a 1996 ya sayi StrataCom a kan kimanin dala biliyan 4. A watan Maris na shekarar 2000, darajar hannun jarin Cisco ta haura dala biliyan 500, har ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Jimillar kamfanonin da ya saya ta wuce 200, mafi tsada a cikinsu shi ne Splunk, wanda ya biya dala biliyan 28 a kansa a 2024.

Misalin narkarwa kuwa yana cikin labarin Bay Networks. A 1994 SynOptics da Wellfleet suka haɗe suka zama Bay Networks domin su tunkari Cisco. Sai dai ɗaya yana Kalifoniya, ɗayan yana jihar Masacusets, tsakaninsu tafiyar dubban kilomitoci, kuma ɗabi'un aikinsu sun bambanta, saboda haka haɗin bai yi armashi ba. A 1998 kamfanin Nortel na ƙasar Kanada ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 9. A watan Janairu na 2009 Nortel ya karye, aka shiga sayar da sassansa. Sashen da yake kula da kayan ma'aikatu ya koma hannun Avaya, sannan a 2017 kamfanin Extreme Networks ya sayi ɓangaren sadarwar kwamfuta na Avaya a kan kimanin dala miliyan 100 kacal. Ma'aikatar da ta sayi kayan Bay Networks a 1997, ke nan, sau uku tana wayar gari ta tarar mai kula da kayanta ya canja.

Dalilan Haɗewa

Dalili na farko shi ne tsadar bincike. Ƙera 'yan ƙananan ƙwaƙwalen silikon da suke cikin swici da rauta yana cin maƙudan kuɗi da shekaru, kuma sai mai sayar da kaya da yawa ne zai iya mayar da uwar kuɗinsa. Dalili na biyu shi ne saurin canjin fasaha. Sau da yawa ƙaramin kamfani ne yake fito da sabuwar dabara, babba kuwa ya ga sayensa ya fi sauƙi a kan yin gasa da shi. Dalili na uku daga masu saye yake. Babban banki ya fi son ya sayi swici da rauta da na'urar Wi-Fi daga hannu ɗaya, domin idan matsala ta taso ya san wanda zai kama. Wannan ya sa kamfanin da bai da cikakken jerin kaya yake neman cike giɓinsa ta hanyar saye. Dalili na huɗu, wanda ya yi ƙarfi a 'yan shekarun nan, shi ne riba ta ƙaura daga ƙarfe ta koma kan manhaja, wato umarnin da yake tafiyar da na'urar. Abin da ya sa ke nan Cisco ya sayi Meraki a 2012 a kan dala biliyan 1.2, Juniper kuma ya sayi Mist Systems a 2019 a kan dala miliyan 405. Dukkansu sun ƙware ne wajen sarrafa na'urori daga nesa ta intanet, Mist kuma ya ƙara da amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen gano matsala.

Cinikin HPE da Juniper

Kamfanin Hewlett-Packard ya sayi 3Com a 2010 a kan dala biliyan 2.7, ya sayi Aruba, gwanin Wi-Fi, a 2015, shekarar da ya rabu gida biyu aka sami HPE. Shi kuwa Juniper, Pradeep Sindhu ne ya kafa shi a 1996, ya kuma yi fice wajen ƙera manyan rautocin da kamfanonin tarho suke amfani da su. An bayyana shirin cinikin a watan Janairu na 2024, hukumomin Tarayyar Turai da na Birtaniya suka amince a watan Agusta na wannan shekara. Amma a Janairun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta garzaya kotu, tana mai cewa idan aka bari cinikin ya faɗa, Cisco da HPE su biyu za su mallaki fiye da kashi 70 cikin 100 na kasuwar Wi-Fi ta manyan ma'aikatu a Amurka. HPE ya mayar da martani cewa haɗewar ce za ta ba shi ƙarfin yin gogayya da Cisco da kuma Huawei na ƙasar Sin. A watan Yuni aka sasanta, bisa sharaɗin HPE ya sayar da wani sashensa mai suna Instant On, ya kuma ba abokan gasa lasisin amfani da manhajar Mist.

Abin da Ya Shafi Mai Saye

Haɗewa tana da amfani, domin babban kamfani ya fi iya ɗaukar nauyin bincike da kula da kaya na tsawon shekaru. Amma tana da illoli uku. Ta farko, idan masu sayarwa suka ragu, mai saye ba ya da bakin tayawa. Ta biyu, idan kamfanoni biyu masu kaya iri ɗaya suka haɗe, sau da yawa akan daina ƙera ɗaya, daga baya a daina gyara manhajarsa, sai mai shi ya zama dole ya sake saye ko da na'urarsa lafiyarta lau. Daɗin daɗawa, wasu na'urorin yanzu sai an riƙa sabunta lasisinsu, in ba haka ba su daina aiki. Ga jami'a ko asibiti a Nijeriya, inda kuɗin shiga naira ne amma lasisi da dala ake ƙiyasta shi, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Illa ta uku manoma sun san ta. A 1845 wata cuta ta afka wa dankalin Turawa a ƙasar Ayalan, inda talakawa suka dogara ƙwarai a kan iri ɗaya, aka yi yunwar da ta kashe mutane kimanin miliyan ɗaya. Gonar da aka shuka iri ɗaya, cuta ɗaya ce take gamawa da ita. A watan Oktoba na 2023 an gano wata ɓaraka a manhajar Cisco mai suna IOS XE, kuma cikin 'yan kwanaki masu kutse suka shiga dubun-dubatar na'urori a faɗin duniya. Kowane kamfani yana iya samun irin wannan ɓaraka, sai dai girman ɓarnar ya danganta ne da yawan waɗanda suka dogara da iri ɗaya.

Kammalawa

Abin da yake rage wa mai saye raɗaɗi shi ne ƙa'idojin bai-ɗaya, irin su Ethernet da TCP/IP, waɗanda ba mallakar wani kamfani ba ne, kuma su suke sa kayan wannan su yi magana da kayan wancan. Saboda haka ya kamata duk ma'aikatar da za ta sayi kayan sadarwa ta yi tambayoyi uku kafin ta sa hannu: shin kayan suna aiki da na wasu kamfanoni bisa waɗannan ƙa'idoji? Har zuwa wace shekara za a ci gaba da gyara manhajarsu? Kuma me zai faru ranar da aka kasa biyan kuɗin lasisi? Haka nan ya dace a horar da ma'aikata a kan tushen ilimin sadarwa, ba a kan kayan kamfani ɗaya kurum ba, domin tarihin Bay Networks da 3Com ya nuna cewa sunan da ke jikin akwati yana iya gushewa, amma ƙa'idar da akwatin yake aiki da ita takan daɗe.