Famicom: Na'urar da Ƙuncinta Ya Haifi Hikima

Kamfanin Nintendo, wanda Fusajiro Yamauchi ya kafa a birnin Kyoto na ƙasar Japan a 1889, ya shafe shekaru masu yawa yana cin abinci da buga katin wasa, har zamani ya juya, ragama ta koma hannun tattaɓa-kunnensa Hiroshi Yamauchi, wanda ya umarci injiniyansa Masayuki Uemura da ya ƙera na'urar wasa da za a jona wa talabijin a cikin gida, bisa sharaɗin ta yi arahar da abokan hamayya ba za su iya kamo ƙafarta ba. Ran 15 ga Yuli, 1983, aka fito da ita da sunan Famicom, ja da fari, a kan yen 14,800.

Wannan sharaɗi na araha shi ya hukunta duk abin da ke cikinta. Ƙwaƙwalwarta, wadda kamfanin Ricoh ya ƙera bisa tsarin 6502, gudunta bai kai megahaz 2 ba, ma'ajiyar aikinta kuwa kilobait 2 ce tak, ta yadda ko wannan maƙala da ke gaban mai karatu ba za ta shige ta ba. Sai aka ba ta mataimakiya mai kula da hoto kaɗai, wadda ke zana allo mai ɗigo 256 a kwance da 240 a tsaye, tana iya riƙe surori masu motsi 64, amma ba ta nuna fiye da 8 a layi guda. Shi ya sa in abokan gaba suka yi cincirindo sai a ga suna ƙyaftawa, suna ɓacewa suna dawowa.

A nan ne hazaƙar ma'abota sana'ar ta bayyana. Wasan Super Mario Bros. da Shigeru Miyamoto ya jagoranta a 1985, da duniyoyinsa takwas da kiɗan da Koji Kondo ya tsara masa da 'yan muryoyin na'urar, kilobait 40 kawai ya ci, kuma wanda ya ƙura ido zai ga cewa gajimaren da ke sama da kurmin ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kurum aka sauya. A ganina wannan ƙana'a ta fi yawan ƙawar wasannin yau cancantar yabo.

A Amurka kuwa al'amarin ya buƙaci tadbiri, domin kasuwar wasanni ta durƙushe a 1983 saboda yawan kaya marasa inganci, har kamfanin Atari ya binne kaset-kaset ɗin da suka yi kwantai a garin Alamogordo. Nintendo ya sake wa na'urar riga, ta fito toka-toka da siffar na'urar bidiyo, aka raɗa mata NES, aka fara sayar da ita a New York a watan Oktoba, 1985. Ya kuma dasa mata makulli mai suna 10NES, wanda ke ƙin duk kaset da ba da izninsa aka yi ba, ya ƙayyade wa kowane kamfani wasa biyar a shekara. Hujjarsa kare inganci ce, alhali kuwa babu mai musun cewa kasuwar ma ya kame. Sabuwar siffar ta zo da illa, don haƙoran ramin kaset 72 sukan saki, yara su riƙa hura wa kaset iska, ba su san danshin baki tsatsa yake jawowa ba.

Da yawa a ƙasashenmu kwaikwayonta suka sani, wato na'urorin Taiwan da Sin masu kaset da ke da'awar dubban wasanni, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa. Ta asalin kuwa an sayar da fiye da miliyan 61, ba a daina ƙera ta a Japan ba sai a watan Satumba, 2003.