Idan birki ya yi laushi: Abin da ƙafar direba ke sanar da shi kafin a isa gareji

Duk ma'aikacin da ke kwana a Nyanya, Karu ko Mararaba ya san gangaren Kugbo. Da yamma, bayan an tashi daga Sakatariyar Tarayya, motoci kan yi jerin gwano a kansa, a taka birki a saki, a sake takawa, har a sauka. A irin wannan wuri ne mai tsohuwar Corolla, Camry ko Peugeot 406 kan fara jin abin da bai saba ji ba: ƙafarsa na nutsewa fiye da jiya, kamar ya taka soso, sai ya buga birkin sau biyu ko uku kafin motar ta yarda ta tsaya.

Abin da kan biyo baya sananne ne. A tsaya a gefen titi, a sayi 'yar robar man birki, a buɗe bonet a tsiyaya, a bar sauran magana sai albashi ya shigo. Wannan ba gyara ba ne. Man birki ba ya ƙonewa kamar fetur, a rufe yake cikin bututansa. Idan ya ɗan sauka a tankinsa, galibi fad ne ya cinye. Idan kuwa ya ragu sosai, to akwai inda yake zuba, kuma ƙarin da aka yi zai bi ta ƙofar da na farko ya fita.

Tsarin birki kan ƙa'ida guda ya dogara: mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan aka taka, masta, wato famfon da ke ƙarƙashin tankin man, yakan tura mai ta cikin bututai zuwa ƙafafu huɗu, ya matse fad a jikin diski ko lainin a cikin ganga. Laushi na nufin wani kaso na ƙarfin ƙafar yana ɓacewa a hanya. Ana iya gano inda yake ɓacewa cikin minti biyu, a tsakar gida, ba tare da ɗaukar sifana ba.

A ajiye motar a wuri mai daidaito, a kashe inji, a buga birkin sau huɗu ko biyar har ya yi tauri, sannan a danne shi da ƙarfi ɗaya na tsawon rabin minti. Idan bayan haka har yanzu yana da laushi kamar soso, yana kuma ƙara tauri da bugawa, galibi iska ce ta shiga bututai. Takan shiga ne bayan an kwance kalifa ko tiyo, ko kuma lokacin da aka bari tankin ya kusa bushewa.

Idan ya yi tauri da farko, sai kuma ya riƙa sulalewa a hankali zuwa ƙasa alhali ƙafar ba ta ƙara ƙarfi ba, wannan ce alama mafi muni. A leƙa cikin kowace taya da tocila, a duba ƙasan da motar ta kwana, a shafa bayan masta inda ya haɗu da baƙin tulun nan da ke sauƙaƙa wa ƙafa taku. Danshi a ko'ina cikin waɗannan wurare yoyo ne. In babu danshi kuma man bai ragu ba, robobin cikin masta ne suka gaji, man na kewaye su yana komawa baya. A nan ne ake asarar kuɗi, domin makanike zai iya yini yana cire iska, birkin ya yi kyau na ɗan lokaci, ya koma gidan jiya. Irin wannan mota ba ta zuwa Apo da ƙafarta, janta ake yi.

Akwai kuma birkin da ke yin ƙasa sosai amma ya kama da tauri a ƙarshe, birkin hannu ma sai an ja shi sama fiye da kima. A motocin da ke da ganga a baya, wannan yawanci lainin ne ya yi nisa da gangar, saiti ko sauyi kawai yake buƙata. Tsohuwar tiyon roba ma kan kumbura idan aka taka. Mutum ɗaya ya danna, wani ya kama tiyon da hannu, zai ji ta tana cika kamar balan-balan.

Sai dai abin da ya fi yaudarar direbobi shi ne birkin da ke lafiya lau da safe, ya yi laushi a cunkoso ko a doguwar gangara, ya kuma warke da kansa bayan motar ta huce. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshi daga iska shekara bayan shekara. Bisa ƙa'idar da aka gindaya musu, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na ma'aunin Selshiyos, amma wanda ya sha ruwa kan sauko zuwa 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. Dogon taku a gangara na iya kai zafin kalifa wannan mataki, man ya tafasa, tururi ya samu, tururi kuma matsuwa yake yi tamkar iska. Shi ya sa kamfanonin mota da dama ke ba da shawarar a sauya man gaba ɗaya duk shekara biyu ko uku. Motocin da suka shigo ta Kwatano, da wuya a san yaushe aka taɓa sauya nasu. Wanda ya koma baƙi kamar shayi ya gama aiki.

Wajen saye, a duba abin da aka rubuta a murfin tankin, a kuma nemi roba mai hatimi, domin wadda aka buɗe tun bara ta riga ta sha danshi. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran. Man inji, man giya ko na sitiyari kuwa, ko kaɗan ne ya shiga, zai kumbura duk robobin da ke cikin tsarin.

Cire iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya buga ya danne, ɗayan ya buɗe ƙaramin notin da ke jikin kalifa, ya rufe kafin a ɗaga ƙafa, a maimaita har man ya fito babu kumfa, ana lura kada tankin ya ƙafe. A yawancin motoci daga tayar da ta fi nisa da masta ake farawa. A tsohuwar mota ya kamata a sa guntun katako a ƙarƙashin matakin birkin, saboda danna shi har ƙasa na tura robobin masta zuwa sashen da ya yi tsatsa, su yage. Idan an sauya kalifa kuma iskar ta ƙi fita, a duba ko an musanya ta dama da ta hagu: notin a sama ya kamata ya kasance, tunda iska sama take taruwa. Wasu motoci masu ABS kuma sai an haɗa su da na'ura kafin iskar da ta maƙale a ciki ta fito.

Hadiman da ke kula da motocin manyan jami'ai su ma abin ya shafe su. Direba kan ce birki ya yi laushi, a ce ya rubuto takarda, takardar ta bi layi, motar kuma ta kama hanyar Lokoja ko Kaduna washegari. Ƙorafin birki bai kamata ya jira sa hannun kowa ba kafin a ajiye mota.

In har birkin ya shanye ana cikin tafiya, a buga shi da sauri sau da yawa, a sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu sannu a hankali, kada kuma a kashe inji, domin sitiyari zai yi nauyi. Bayan gyara, kafin a biya makanike, a sake danne birkin na rabin minti a gabansa, sannan a gwada shi a hanyar da babu jama'a.