Tankin da Ya Daɗe a Ajiye: Faɗakarwa Game da Wanke Mazubin Ruwan Sha

Duk wanda ya zaga garuruwan ƙasar Rogo da Ƙaraye a 'yan shekarun nan, ko Fulatan ce ko Zarewa ko Beli ko Gwangwan, lalle zai lura da wani baƙon abu da kakanninmu ba su sani ba, watau tankunan roba, baƙaƙe da shuɗɗa, waɗanda aka ɗora bisa dogayen ƙarafa a gefen masallatai da makarantu da ɗakunan shan magani, ana turo musu ruwa daga rijiyar burtsatse da ƙarfin hasken rana ko na janareto. Ni'ima ce babba, ba mai musun haka, musamman ga mata da yara waɗanda a da igiyar guga ta ci musu tafin hannu. Sai dai haƙƙin da aka fi tauye wa tanki shi ne na wanki, balle fa idan ya yi watanni ba a taɓa shi ba, ko don injin ya lalace ana jiran kuɗin gyara, ko don makaranta ta tafi dogon hutu, kamar yadda ya auku a 2020 sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu wajen wata shida, ko kuwa don mai gida ya kwashe iyalinsa ya tafi cin rani. Ranar da aka dawo, abin da galibi ake yi shi ne a kunna inji, a bar ruwan farko ya ɗan zuba, da zarar an ga ya yi garau sai a yi hamdala a tara bokiti.

Waɗanda suka riga kowa sanin illar wannan sakaci su ne ma'abota jiragen ruwa, domin wanda ke tsakiyar teku, ruwa ya kewaye shi gabas da yamma amma duk na gishiri ne, ba shi da wata rijiyar da zai koma wa in guzurinsa ya ɓaci. Alhazanmu na dauri, da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, suka haye Bahar Maliya zuwa Jidda a jiragen katako waɗanda iska ke korawa da ƙyalle, ransu, bayan ikon Allah, yana rataye ne ga ɗan ruwan da aka ɗura kafin a tashi, wanda dole ya isa ko da iska ta kwanta tafiya ta miƙe. Turawa ma sun daɗe suna fama da gangunan katako waɗanda ruwa ke ɗoyi a cikinsu, har a farkon ƙarni na 19 suka fara komawa ga tankunan ƙarfe. Yau ɗin nan a Ingila da Amurka, masu ƙananan jiragen ruwa na shan iska sukan fitar da su kan tudu duk tsawon hunturu, kuma aikin farko da mai hankali cikinsu ke yi kafin ya mayar da jirginsa ruwa shi ne ya wanke tankin ruwan shansa da bututansa duka. Hanyar da yake bi kuwa ita ce dai wadda ta wajaba a kan ladanin masallaci a Fulatan, da masuncin madatsar Challawa, wadda aka gama a 1992, sa'ad da ya ɗauko jarkar da ta kwana biyu a ƙuryar ɗaki zai sa a kwale-kwale.

To, me ke faruwa a cikin tankin da aka rufe aka manta da shi? Da farko, duk ƙurar da ruwan ya zo da ita, da yashin rijiya, da wadda hazon hunturu ya cusa ta ƙarƙashin marfi, sai ta kwanta a gindi ta zama laka. Kuma da yake bakin da ruwa ke fita yana ɗan sama da gindin tanki, wannan laka ba ta ƙarewa kome yawan ɗibar da aka yi. Idan haske yana ratsa jikin tankin, ko marfin ya fashe, gansakuka ta tsiro. Idan ƙofa ta samu, ƙadangare ya faɗa ya mutu, tsuntsu ya yi kashi, sauro ya saka ƙwai, har da irin sauron nan mai zane-zanen fari a ƙafa wanda ke yaɗa shawara, wanda ya fi son ruwan mazubi bisa na fadama. Amma mafi girman sharri shi ne wanda ido ba ya cika gani. Mai karatu ya naɗe hannun riga ya shafa bangon tankin daga ciki, zai ji wani santsi kamar yauƙin kuɓewa. Wannan yauƙi ba dattin ruwa ba ne kawai, gida ne da ƙwayoyin cuta suka gina wa kansu suka manne da shi, suna hayayyafa a ciki, zafin bazara da ke dukan baƙar roba yana ƙara musu kuzari, kuma yana kāre su har daga magani, ta yadda ko an ɗura sabon ruwa mai tsabta sai su riƙa ɓallowa cikinsa kaɗan-kaɗan. Dalili ke nan da ya sa ɗauraya ba ta wadatarwa.

A nan akwai wata mas'ala da ya kamata a tsaya a kanta, domin na sha jin ana kafa hujja da ita ba a muhallinta ba. Duk ɗalibin da ya zauna a zaure ya karanta Ishmawi ko Risala ya san cewa malamanmu na Malikiyya suna auna ruwa da siffofi uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma sun rarrabe tsakanin ruwan da ya halatta a yi ibada da shi da wanda bai wuce al'ada ba, kamar sha da girki. Wanda ya kai ga Muhtasar na Shehu Halilu ya kuma san cewa ruwan da ya jirkita saboda abin da ya tsiro daga gare shi, kamar gansakuka, ko saboda ƙasar da yake kwance a kanta, bai fita daga hukuncin tsarki ba, haka nan fuƙaha'u suka yi rangwame ga wanda ya canja don daɗewar zama. Wannan sauƙi ne na shari'a ga matafiyi da mazaunin jeji, don kada alwala ta gagare su. Amma fuƙaha'u hukuncin ɗahara suke bayani, ba su ce sun ba da shaidar lafiyar ciki ba. Ƙwayar kwalara ko ta taifot tana iya cika tulu ba tare da ta taɓa launi ko ɗanɗano ko wari ba. Saboda haka ruwa yana iya inganta alwala ya kuma kwantar da gida guda, alhali shari'ar da ta yi wancan rangwame ita ce ta hana mutum cutar da kansa ko waninsa, ita ce kuma ta zo da umarnin rufe ƙorai da ɗaure bakin salka da dare, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim.

Likitoci sun tabbatar tun tuni cewa ruwa yana ɗaukar ƙwayar cuta. A 1884 wani Bajamushe, Robert Koch, ya samu ƙwayar kwalara a cikin wani kududdufi a Kalkata ta Indiya, inda mutanen unguwa ke sha suna wanki. Cutar ta sake shigowa Afirka ta Yamma a 1970, ba ta kuwa yi sallama ba har yau. Binciken da aka yi kan annobar da ta auka wa birnin Kano a 1996 ya danganta ta da shan ruwan 'yan ga-ruwa da rashin wanke hannu da sabulu, watau ba lalle daga tushe ruwa ke ɓaci ba, sau da yawa a mazubi ne da hannu.

Yadda ake aikin kuwa ba wuya gare shi ba, illa dai yana son haƙuri da bin tsari. A zaɓi ranar da jama'a suka tanadi ruwan kwana guda, a rufe hanyar shigar ruwa, a juye tsohon duka, ragowar lakar gindi a kwashe ta da ƙoƙo da tsumma. Tankin da bai fi lita 1,000 ko 2,000 ba gara a sauko da shi a kwantar da shi a ƙasa, in da hali. Sa'an nan a kaɗa omo a ruwan ɗumi, a ɗaura burushi mai tauri a bakin doguwar sanda, a goge bango da gindi da cikin marfi, a fi matsa wa lungunan da roba ta yi tudu da kwari da kuma kewayen bakin famfo, inda yauƙi ya fi taruwa, har hannu ya ji roba tana ƙirr maimakon santsi. Soson ƙarfe ba shi da wuri a nan, domin yana karce roba, kowane karce kuwa sabon mafaka ne ga ƙwayoyin cuta. A ɗauraye sau biyu ko uku har kumfa ya ɗauke.

Bayan wanki sai magani, kuma kada a sauya wannan tartibi, gama kulorin da aka zuba a kan datti, dattin ne ke cinye shi. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne giram 80 na garin kulorin mai ƙarfi, irin wanda ma'aikatan ruwa ke amfani da shi, ga kowace lita 1,000, watau wajen cokalin cin abinci biyar ko shida. Wanda bai samu garin ba ya nemi bilic na wanki, Hypo ko Jik, marar turare, ya duba jikin mazubinsa. In an rubuta kashi 3.5 cikin ɗari, to, kusan lita ɗaya da rabi ce za ta tsaya a madadin garin, ya kuma guji wanda ya daɗe a rana a teburin mai kanti, domin zafi yana karya ƙarfinsa. A zuba ruwa rubu'in tanki, a sa maganin, a cika fal har baki. Daga nan sai matakin da aka fi mancewa da shi: a buɗe kowane famfo, har na can ƙarshen layin alwala, sai an ji warin kulorin yana fita, sa'an nan a rufe, domin bututu ma mazubi ne, kuma ba burushin da ke shiga cikinsa. A bar shi awa 24. In ana gaggawa, a ninka maganin a bar shi awa 8. Lalle ne a sanar da jama'a, a ɗaure kan famfo da tsumma ko a sa mai gadi, domin ƙarfin wannan ruwa ya ninka na ruwan sha wajen sau ɗari, yaro kuwa ba ya karanta sanarwa. Idan wa'adi ya cika a juye shi a kan tsandauri ko tsakuwa, nesa da shuka da rafi da tafkin kifi, a cika da sabo a sake juyewa, har warin ya koma ɗan kaɗan wanda da ƙyar hanci ke kamawa.

Abubuwa biyu na iya mayar da wannan aikin alheri ta'aziyya. Na ɗaya, haɗa bilic da ruwan wanke masai ko ruwan batir ko wani sinadari, da zaton ƙara masa ƙarfi; hayaƙin da ke tashi daga wannan haɗi yana ƙona huhu. Na biyu, shiga rijiyar siminti ta ƙarƙashin ƙasa wadda ta daɗe a rufe, domin iskar cikinta kan ƙare ko ta gurɓace ba tare da wata alama ba. A buɗe ta ta sha iska tukuna, mai shiga ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙarti biyu na riƙe da ita a sama, kada kuma a kuskura a saukar da injin ban ruwa mai fetur cikin ramin, hayaƙinsa kisa yake yi shiru. In wani ya faɗi a ciki, a jawo shi da igiya, kada ɗan'uwansa ya duro bayansa, gama ta haka ne gawa ɗaya ke zama uku.

Randa da tulu, waɗanda har gobe su ne tankin mafi yawan gidajenmu, hukuncinsu bai yi nisa da wannan ba. Iyayenmu mata sun san aikinsu: a goge da soso da toka, a kife a rana, a turara, wasu su jefa saiwar jema don ƙanshi. Gugar da shanyawar suna da amfani ƙwarai, amma ƙanshi ba magani ba ne, haka nan alam da garin 'ya'yan zogale, waɗanda ke kwantar da laka ruwa ya yi haske, ba su gama da ƙwayoyin cuta ba. Randar da ta yi watanni a ajiye, in tana cin lita 40, cokalin cin abinci huɗu na bilic ya ishe ta a cika ta da ruwa ta kwana, a zubar a ɗauraye. Moɗa kuma a samo mai dogon hannu a rataye ta a ƙusa, kada ta kwana a ƙasa da safe a tsoma ta har da yatsu biyar.

Akwai dai mazubin da ba ya karɓar tuba. Ƙasarmu ƙasar noma ce, masara da dawa da rake, kuma kowace damina jarkokin maganin feshi na ciyawa da na ƙwari suna taruwa a gidaje, masu kyau, masu marfi, har mutum ya ji asara ce a yar da su. Roba tana tsotse wannan guba, omo da kulorin kuwa ba sa fitar da ita, haka nan duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko baƙin mai. A huda gindinsu don kada wani ya tsinta ya ɗura ruwa.

Tankin jama'a yakan lalace ne saboda kowa yana zaton wani ne zai kula da shi, don haka ya kyautu kwamitin masallaci ko hedimasta ko mai unguwa su ɗora alhakin a wuyan mutum guda sananne, a yanke masa lokaci biyu a shekara, ɗaya bayan hunturu ya gama zubar da ƙurarsa, ɗaya a ƙarshen damina, ban da duk lokacin da tankin ya yi wata guda ba ya aiki. A sa wa marfi kwaɗo, a ɗaure ragar sauro a bakin bututun da ke zubar da rarar ruwa, a kuma rubuta ranar wankin da fenti a jikin tankin, daidai inda mai ɗiba zai gani in ya ɗaga kai.