Daga Hannun Kurma Zuwa Bakin Tafinta

A Amurka, idan kurma ya tashi yin jawabi da maganar hannu ta ƙasar, wadda ake kira ASL, masu ji da kunne muryar tafinta suke saurara. Idan tafinta ya kama inda-inda, sai a ɗauka kurman ne bai san abin da yake faɗa ba. Wannan rashin adalci ne babba, kuma kauce masa shi ne tushen aikin tafinta.

Tun 1960 William Stokoe na kwalejin Gallaudet ya nuna cewa ASL harshe ne mai nahawun kansa, ba Turanci ba ne da aka mayar hannu. Mai magana yakan fara kafa abin da zai yi zance a kai, sannan bayani ya biyo baya. Wanda ya bi alamomi ɗaya bayan ɗaya, gurgun Turanci zai fitar. Don haka ƙwararre yakan ɗan dakata, ya bar mai magana ya yi gaba da 'yan daƙiƙoƙi har ma'ana ta nuna, sannan ya buɗe baki. Binciken Dennis Cokely na 1986 ya gano cewa tafintocin da ke wannan jinkiri sun fi ƙarancin kuskure.

Sai fuska, inda sabon shiga ya fi yin tuntuɓe, domin idonsa na kan hannu. Ɗaga gira tambaya ce mai neman e ko a'a. Haɗe gira kan zo da tambayar wa, me ko ina. Girgiza kai kaɗai na iya kore jimla sukutum. Idan kuma kurma yana ba da labarin musu tsakanin mutum biyu, yakan karkata kafaɗa dama ya zama wannan, ya karkata hagu ya zama wancan, ba tare da ya ambaci suna ba. Tafinta ne zai cike da "sai likita ya ce", ko ya sauya murya yadda mai sauraro zai gane wa ke magana. Kuma da bakin kurman yake magana: "na je" zai ce, ba "ya ce ya je" ba. In kurman malamin jami'a ne, Turancin malamai zai fito. In mai barkwanci ne, dole dariya ta tashi a inda ya nufa.

Sunayen mutane da na magunguna da yatsu ake harrafa su, cikin sauri, shi ya sa ake neman takardar jawabi tun kafin taro. A dogon zama tafintoci biyu ne ke karɓa-karɓa kusan kowane minti 20, mai hutawa yana raɗa wa abokinsa abin da ya kuɓuce masa.